Baƙin da Ba Su Tsaya Cin Abinci Ba

Shekara ashirin da shida Mulei Kisangau ya yi yana rubuta maganar wasu. Ya fara tun zamanin kansiloli, lokacin da majalisar ba ta wuce ɗaki ɗaya da benci huɗu ba, sai wata tsohuwar tafireta mai cije takarda. Da sabon tsarin mulkin Kenya ya zo aka ba kowace gunduma gwamnanta da majalisarta mai yi mata dokoki, sai aka rushe ɗakin aka ɗora bene. Kansiloli suka koma masu girma, suka ajiye tumbi, suka sayi motoci. Mulei kuwa kujera kawai aka sauya masa, aka ce daga yau shi ne akawun kwamitin ruwa da muhalli. Kwat ɗinsa bai sauya ba, mai ruwan toka, gwiwar hannun har ta yi santsi saboda gugar tebur.

Aikin akawu ba wuya a faɗa. Ka zauna a bayan shugaban kwamiti, ka kunna rikoda, ka rubuta abin da aka ce, kada ka buɗe baki sai an tambaye ka. Duk shekara biyar zaɓe yakan share rabin majalisa ya kawo sababbi, Mulei ya sake koya musu daga farko: ga yadda ake buga ƙudurin doka, ga karatun farko, daga nan a miƙa wa kwamiti ya zagaya ya ji bakin jama'a, ya kawo rahoto, a yi karatu na biyu, a bi shi sashe-sashe, a yi na uku, gwamna ya sa hannu, a buga a jaridar gwamnati. Kafin su gama ganewa wa'adinsu ya zo ƙarshe, kuma duk ƙudurin da bai haye ba yakan mutu tare da majalisar. Mulei ya binne ƙudurori da yawa. Ya daina jin haushi tun da daɗewa, gajiya ce kawai ta rage, irin wadda barci ba ya warkarwa.

A Kyanzou aka haife shi. Uwarsa ta rasu yana da shekara huɗu, ƙanwar ubansa, Gwaggo Kavindu, ta ɗauke shi ta haɗa da nata 'ya'yan. Rafin Kyanzou wata tara yake yi ba ɗigon ruwa a samansa, amma kowa a garin ya san ruwan na nan kwance a ƙarƙashin yashi. Ka tona tsawon hannu, ka ɗan jira, sai ya tsatso, mai sanyi, ka kwasa da ƙoƙo ka cika jarka. Da wannan ruwa Gwaggo ta shayar da awakinta, da shi ta raya 'yar gonar ganyen da ta kai Mulei har sakandare.

Sai Nairobi ta kama gini kamar ana korarta, gini kuma yashi yake ci. Tifofi suka bi rafukan gundumar ɗaya bayan ɗaya suna kwashewa har sai dutse ya fito, kuma inda yashi ya tafi ruwa ba ya zama. Kyanzou ta tsira ne don matanta. Da an ji ƙugin tifa sai Gwaggo Kavindu ta buga tsohuwar garwa, mata su fito da kujerun tsuguno su jeru a kan hanyar rafi suna tsinkar wake. Direba ya yi hon har ya gaji, ya juya. Babu dokar da ta ba su wannan iko, babu kuma wadda ta hana su.

Sau biyu ana kawo ƙudurin dokar yashi majalisa, sau biyu yana mutuwa a hannun Mulei. Karo na uku ya zo saura wata biyar majalisa ta tashi. Ƙuduri ne mai kyau, Mulei ya fi kowa sani, don rabin kalmominsa daga tsofaffin rahotanninsa aka tsamo su. A bayansa akwai jeri biyu. Na farko rafuka talatin da ɗaya da ba mai sake taɓa yashinsu. Na biyu wurare tara da za a bayar da lasisin ɗiba, kuma duk wanda ya tare wa mai lasisi hanya ya yi laifi, 'yan sanda su ɗauke shi. Ranar da aka kawo kwafin daga maɗaba'a Mulei ya bi jeri na biyu da yatsa, ya tarar da Kyanzou a lamba ta shida. Wani a ma'aikata ya duba taswira, ya ga yashi mai kauri kusa da titi, shi ke nan.

Ranar Asabar ya hau mota ya tafi gida. Ya sami Gwaggo a gindin mangwaro tana surfen masara, shekara saba'in da tara amma taɓarya ba ta fi ƙarfinta ba.

"Ga akawun gwamnati," in ji ta. "Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Gwaggo."

"To ai na ga ba Kirsimeti ba."

Ya zauna ya yi mata bayani dalla-dalla. Ya ce abin bai ɓaci ba tukuna, don kwamiti zai zo Kyanzou da kansa ranar Alhamis ta mako uku, an ware musu sa'a uku cur. In jama'a suka ce ba su yarda ba, shi zai rubuta, ya shiga rahoto, a mayar da rafin jeri na farko. Ya ƙara da cewa gara kuma su rubuta takarda su sa hannu, a kai majalisa kafin ranar.

"Takarda?" Ta jingina taɓarya. "Mutum zai tako har ƙofar gidana, ina da baki, in aika masa takarda? Kurma ne?"

"Don dai a samu abin riƙewa ne."

"Kai ne abin riƙewarmu. Ba kai ke rubutawa ba? Ka zo da alƙalami mai kyau kawai, sauran ka bar mana."

Da ya matsa da ta yarda, ya sani. Amma ya gaji, mota ta jijjiga masa ƙugu, kuma sa'a uku a takarda suke, da hatimi. Ya bar maganar.

Akwai abin da Mulei ya sani sarai, don a cikinsa ya tashi, amma bai kawo shi a rai ba. A Kyanzou ba a musu da baƙo da yunwa a cikinsa. Baƙo in ya zo da magana, a tarbe shi, a saurare shi har ya gama, kome ɗacinta ba mai tanka masa. Sai ya ci ya sha ya wanke hannu, sannan masu gida su jawo kujera su ce, to, yanzu ga tamu. A nan ake faɗa wa mutum gaskiya har kunnensa ya yi zafi. Wanda ya katse baƙo kafin akushi ya sauka, da shi da gidansu an sami abin yi musu gori har jikoki.

Saura kwana biyu aka sauya tsari. Masu girma za su tafi bakin teku ranar Juma'a su rubuta rahoto a otal, don an ce a can hankali ya fi kwanciya, saboda haka mazaɓu huɗu da suka rage za a haɗa su rana ɗaya. Kyanzou ta samu minti arba'in, tsakanin sha ɗaya da sha biyu. Mulei ya kira wayar jikan Gwaggo ya bar saƙo cewa baƙi a gurguje za su zo, a shiga magana kai tsaye. Saƙon ya isa. Abin da Gwaggo ta fahimta shi ne a ɗora tukunya da wuri.

Ƙarfe ɗaya saura suka iso, motoci biyar, ƙura ta bi su har filin makarantar firamare. Mutum ya fi ɗari uku a ƙarƙashin rumfa da gindin itatuwa, wasu tun bakwai na safe suke zaune. An yanka awaki biyu. Ƙamshin nama da na dafaffiyar masara da wake ya cika filin. Mata suka taso da waƙa da guɗa suka rako masu girma har kujerunsu, Gwaggo a gaba da zanen cocinta.

Shugaban kwamiti, mai girma Maingi, mutum ne mai fara'a da saurin magana, da can dillalin shanu ne. Ya karɓi lasifika ya yabi ƙudurin cikin minti goma, ya karanta jerin biyu da sauri kamar mai kiran sunayen 'yan aji. Da ya ambaci Kyanzou a jeri na biyu filin ya yi tsit. Mulei ya ga dattawa sun sunkuyar da kai, ya ga Gwaggo ta naɗe hannuwa a ƙirji. Ya san wannan shirun. Rikoda kuwa ba ta san shi ba.

"To, jama'ar Kyanzou," in ji Maingi, "akwai mai ja?"

Ba wanda ya motsa.

Mulei ya yi abin da bai taɓa yi ba a shekara ashirin da shida, ya bar kujerarsa ana tsakiyar zama. Ya zagaya ta bayan rumfa ya durƙusa kusa da Gwaggo.

"Gwaggo, yanzu ne. Ki tashi ki faɗa."

"Ba su ci ba."

"Ba za su ci ba. Minti goma ya rage, mutanen garin Kwa Mbiti na can suna jiransu."

Ta juyo ta dube shi daga sama har ƙasa. "Ni na rene ka kuwa? Mutane sun sha hanya tun safe, leɓensu a bushe, in tashi in ce musu ƙarya suke? Koma ka zauna, kana ba ni kunya."

Ya koma. Ya sunkuya a kunnen Maingi ya ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan suna da magana, amma sai an ci abinci suke yinta. Ko loma biyu ce a daure."

Maingi ya kalli agogo, ya rufe lasifika da tafin hannu. "Akawu, kai ma ka san in muka zauna wa naman nan sai la'asar. Mutane na can cikin rana suna jiranmu. Ga su ga lasifika, wa ya riƙe musu baki?" Ya buɗe hannu ya sake tambaya, karo na biyu, karo na uku, yadda ƙa'ida ta ce. A daidai tambaya ta uku 'yan mata suka ɓullo daga bayan aji ɗauke da tukwane, mata suka rangaɗa guɗa don abinci ya iso.

"Madalla," in ji Maingi. "Mun ji, mun gode."

Kafin a sauke tukunya ta biyu an tayar da motoci. Mulei ya waiwaya ta gilashin baya, ya ga wata yarinya tsaye da buta da kwanon wanke hannu, ta rasa wa za ta zuba wa. Dattawa ba su tashi daga kujerunsu ba. A ganinsu taro bai watse ba, don baƙon da ya tafi bai ci ba dole ya dawo ya ƙarasa.

A otal ɗin bakin teku aka ba Mulei ɗaki mai kallon wurin ajiye motoci. Masu girma na can suna shan iska, shi yana buga rahoto. Mazaɓu goma sha ɗaya bai sha wuya ba. Da ya zo kan Kyanzou ya rubuta: "Mutum ɗari uku da goma sha biyu suka halarta. Kwamiti ya tashi kafin jama'a su fara magana." Ya karanta sau uku, ya ga babu ƙarya a ciki ko ta harafi ɗaya.

Ranar Litinin da safe Maingi ya kira shi gefe, takardar na hannunsa, ya ja layi ƙarƙashin jimlar da jan biro.

"Dattijo, mene ne wannan?"

"Abin da ya faru, ranka ya daɗe."

"Kunna rikodarka." Mulei ya kunna. Suka ji tambaya sau uku, suka ji shiru, suka ji guɗa. "Kai ka koya mini, a makon farko da na shigo majalisa, cewa akawu abin da kunne ya ji yake rubutawa, ba abin da ke cikin mutane ba. Ko ba kai ba ne?"

"Ni ne."

Maingi ya sassauta murya, don ba mugun mutum ba ne, gaggawa ce kawai ta yi masa yawa. "Ka san abin da layin nan zai jawo. Masu tifa suna da lauya. Da ya ga mun rubuta da hannunmu cewa ba mu saurari jama'a ba, kotu zai nufa, a soke dokar gaba ɗaya. In kuma ka ce mu koma Kyanzou, sai an sake sanarwa a jarida, a jira kwana bakwai, a nemo man mota, a tattaro mutanen nan da kowa hankalinsa ya koma kamfe. Kai ka fi ni sanin kwanakin da suka rage. Rafi talatin da ɗaya, Akawu. So kake ka binne shi karo na uku?"

Mulei ya san rafukan nan da sunayensu, ya taka yawancinsu, ya ga mata a Kwa Mbiti suna tafiyar sa'a huɗu da jakuna don jarka biyu.

"Ka bari ya wuce," in ji Maingi. "In an zo bi sashe-sashe, wakilinku ya miƙe ya nemi a cire Kyanzou, ni zan mara masa baya. Ka ji na rantse."

Mulei ya koma ɗaki ya zauna a bakin gado har shayin da aka kawo masa ya huce. Daga nan ya goge jimlar, ya buga wata: "An tambaya sau uku, ba a samu mai ja ba." Ita ma babu ƙarya a cikinta. Ya sa hannu a ƙasan shafi na ƙarshe, inda akawu ke sawa, ya ji kunyar kansa har cikin ƙashi.

Gyaran da wakilin mazaɓarsu zai gabatar Mulei ne ya rubuta masa shi, layi biyu, ya kai masa har mota, ya tuna masa sau huɗu. Ranar da aka zo bi sashe-sashe sai da aka kaɗa ƙararrawa minti goma kafin a samu adadin da zai isa a zauna. Wakilin ba ya ciki. An yi rasuwar wani babban ɗan kasuwa a mazaɓarsa, kuma saura wata biyu zaɓe ba ɗan takarar da ke barin jana'iza mai jama'a. Mulei na zaune a teburin akawuna, ƙasa da sandar majalisa, yana kiran wayarsa a ɓoye tana ta ringi. Aka zo jeri na biyu, mai jagorantar zaman ya tambaya ko akwai gyara. Maingi ya waiwayo ya dubi kujerar da ba kowa, ya dubi Mulei, ya ɗaga kafaɗa. Ya rantse zai mara baya ne, bai rantse zai gabatar ba. Masu cewa i suka ce i, ba a kai minti ɗaya ba. Gwamna ya sa hannu cikin kwana tara, aka buga a jaridar gwamnati.

A ofis aka yi ta taya Mulei murna, an ce an haifi ɗansa, wato dokar yashi, bayan shekara goma sha ɗaya ana naƙuda. Matarsa Syokau ce kaɗai ta lura ya daina cin abincin rana. Ta ce masa, "Ka je ka faɗa mata da bakinka, kafin ta ji a bakin direban tifa." Ya yi mako uku yana cewa Asabar mai zuwa.

Da ya je, hantsi ya ɗaga, bai same ta a gida ba, aka ce tana rafi. Ya gangara. Tana durƙushe a bakin ramin da ta tona, tana kwasar ruwa da ƙoƙo a hankali don kada ya gurɓace, jarka biyu a gefenta.

"Akawu," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Yaushe baƙinka za su dawo? Dattijo Kisilu ya ware wani bunsuru tun ranar, yana ta cin dusa a banza. Ka ce musu wannan karon su zo da yunwarsu, maganarmu tana da tsawo. Ni zan fara, sai Kisilu, sai matar fasto."

Ya tsuguna a kan yashi, kwat ɗin na jan ƙasa.

"Ba za su dawo ba, Gwaggo. An gama. Doka ta fita."

"Wace doka? Ba su ji mu ba tukuna."

"A wurinsu sun ji. An ba da lasisi uku a rafin nan. Farkon wata za su fara. Kuma in kun zauna a hanya yanzu, kama ku za a yi. Ina roƙonki kada ki buga garwar nan."

Ta ajiye ƙoƙon a kan ruwan, yana ta juyawa a hankali. 

"Suka ce mun ce me?"

"An rubuta cewa an tambaya sau uku, ba a samu mai ja ba."

"An rubuta." Ta goge hannu a zani. "Kai kullum an yi, an ce, an rubuta. Takarda ba ta rubuta kanta, Mulei. Hannun wa?"

Zai iya kawo mata Maingi, da agogo, da wakilin da ya tafi jana'iza, da rafuka talatin da ɗaya da suka tsira. Duk gaskiya ne, kuma a mota ya jera su tsaf yadda zai faɗa.

"Nawa," in ji shi.

Gwaggo Kavindu ta gyaɗa kai. Ta ɗauki ƙoƙon ta ci gaba da cika jarka ta biyu har ta kai baki, ta rufe. Ya miƙa hannu zai ɗaukar mata, kamar yadda yake yi tun yana ɗan shekara bakwai.

"Bar shi," in ji ta. "Kai baƙo ne."

Ta ɗora ɗaya a baya da igiya, ta riƙe ɗaya a hannu, ta fara hawan gangaren ita kaɗai.